Kunnen Zaliha

Daga Geza, ƙasar Bagudo.

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar hanya, kai da Saratu, da fatan kun isa Dole Kaina lafiya, kaya bai zube ba, ruwa bai tare ku ba. Allah ya sa kun shiga sabon wuri a sa'a. Ya tsare ka daga sharrin kasuwa da na kogi da na bakin mutane, ya sa albarka a shagon da za ka buɗe.

Labarin gida kana jin sa a waya, ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Abin da ke cikin takardar nan sau da yawa na yi niyyar faɗa maka kafin ku tashi, amma duk lokacin da ka shigo ka durƙusa kana gaishe ni, sai bakina ya yi nauyi, in ɓige da tambayarka ko ka ci abinci. Ka karanta kai kaɗai, kada ka yi sauri.

Ranar da kuke ɗaure kaya, Saratu ta ɗauko kular abinci da aka ba ku gudummawa, ta suɓuce mata ta fashe. Ina zaune gindin bishiyar bedi ina tsinke zogale. Ka juyo ka ja tsaki, hannunka ya tashi har kafaɗa, sai ka mayar da shi ƙeya kamar susa za ka yi. Ba ka taɓa ta ba. Ita ko lura ba ta yi ba, tana duƙe tana tsince fasassun. Ni na lura, don na daɗe da sanin wannan hannun. Na san shi a jikina, na san shi a jikin matan mutane, kuma akwai inda ni da bakina na aike shi.

Zan fara da babanku, Allah ya jiƙansa. Kai ka tashi ka same shi ya tsufa, ciwo ya sanyaya shi, abin da ka sani shi ne dattijon da ke ajiye maka rake a bayan buta. Ba ƙarya ba ne, haka yake. A waje kuma babu wanda ke kuka da shi, in ya yanke shinkafa har maƙwabta sai sun shaida. Amma yayanka da yayarka Asabe sun san wani mutum daban.

Wata rana aka kira ni karɓar haihuwa tun da hantsi, naƙuda ta yi tsawo, ban dawo ba sai bayan la'asar. Babanku ya dawo daga fadama ya tarar ban ɗora tuwo ba. Da ƙotar fartanya ya same ni, a kafaɗa da gadon baya. Yayanka yana tsaye bakin ɗaki riƙe da kwano, a lokacin ko kaciya ba a yi masa ba. Washegari ina gasa kafaɗar da ruwan zafi ya matso ya ce, "Inna, mi kika yi ma Baba?"

Na ce, "Laifina ne. Na makara da tuwo."

Nasiru, a duk ƙaryar da na yi a rayuwata, wannan ce ta fi yin ɓarna. Ina ganin kamar mutuncin ubansa nake karewa. Ashe karatu nake ba yaro, cewa duka yana da dalili, kuma dalilin a wurin mace yake. Ya kuwa riƙe karatun. Da ya ɗan tasa, na fito daga madafa na tarar yana zabga wa Asabe igiyar akuya saboda ba ta wanke masa riga ba. Maimakon in ƙwace igiyar, dariya na yi, na ce da maƙwabciyata, "Kin ga namijin gida." Asabe ta daina kukan ta dube ni. Har yau in ta zo ganin gida muna hira muna dariya, amma ba ta taɓa kawo mini damuwar ɗakinta ba, kuma na san dalili.

Don haka in Allah ya ba ku haihuwa, ka sani yaro ba ya koyon abin da ka faɗa masa a kan tabarma, abin da ya gani daga bakin ƙofa shi yake ɗauka. In ranka ya ɓaci, fita. Kogi yana kusa da kai yanzu, je ka zauna bakinsa har zuciyar ta sauka, ka yi alwala, ka dawo a yi magana. Tuwo zai makara, za a yi asara, za ta faɗa maka maganar da ba ka so. Duk ba dalili ba ne. Babu abin da mace za ta fasa a gidanka da ya kai darajar ƙashinta.

Ka san aikina. Tun kafin a haife ka nake yanke cibiya a Geza da Matsinkai, da rugagen Fulani, da ƙauyukan masunta na bakin ruwa. Rabin samarin da kuke ƙwallo tare ni na fara ɗaukar su. Ungozoma tana ganin abin da ko uwar mace ba ta gani, don mai naƙuda ba ta da ikon riƙe zane. Abin da na gani a jikin mata, da zan faɗe shi a kasuwa, da maza da yawa ba su ƙara shiga sahun gaba a masallaci ba. Shatin bulala a cinya. Haƙarƙarin da ya karye ya haɗe a karkace. Tabon ƙuna a inda girki ba ya ƙona mutum. Ba gidan talaka kaɗai ba. Na gani a gidan mai shanu, na gani a gidan ɗan kasuwa mai zuwa tsallaken iyaka, na gani a gidan mai albashi, na gani a gidan da ake karatun allo a zaure. Akwai gidajen da ban taɓa gani ba, Allah ya saka wa mazajensu, amma ba su kai yawan da kake zato ba.

Kuma duk bakinsu ɗaya. "Na zame a rijiya." "Ƙofa ce ta buge ni." Ni ma sai in ce, "Sannu, ki riƙa lura," in shafa mata man zafi. Mu biyu mun san gaskiya, mu biyu mun rufe.

Akwai wata Bafulatana mai suna Hajjo, a wata ruga bayan Matsinkai, mai kawo mana nono. Doguwa ce, mai yawan wasa, in ta sauke ƙwarya sai ta tsokani kowa a gidan kafin ta auna. Aka zo aka ɗauke ni a babur cewa naƙuda ta kama ta, alhali cikin bai isa ba. Da na buɗe zane na ga shatin takalmi a gefen cikin, ya yi baƙi. Jini ya ƙi tsayawa, abin ya fi ƙarfina, muka ɗauke ta zuwa asibiti a Bagudo. Ɗan ya zo babu rai, namiji ne, har gashi ya yi. Malamar asibitin ta ja labule, ta rage murya ta tambayi Hajjo abin da ya same ta. Na ga leɓen Hajjo yana motsi. Mijin yana tsaye a baranda da sandarsa, kuma ni aka sani a rugar, ni za a sake kira gobe. Sai na riga ta. Na ce, "Saniya ce ta ture ta wurin tatsa."

Malamar ta dube ni, ta dubi Hajjo. Hajjo ta juya fuska bango ta ce, "Haka ne."

Sau ɗaya aka tambaye ta a rayuwarta, ni kuma na amsa mata. Ba ta ƙara haihuwa ba. Ta daina kawo nono gari, don ba ta iya doguwar tafiya da kaya a ka, sai babbar ɗiyarta aka cire daga makaranta ta ɗauki ƙwaryar. Ka ga duka ɗaya, amma ya ci jariri, ya ci sana'ar uwa, ya ci karatun yarinya. Haka abin yake ko'ina. Mutane suna cewa sha'anin miji da mata ne, babu ruwan kowa. Ni da nake shiga gidajen na san ruwan kowa ne. Kifin da ya ruɓe don mai banda shi tana kwance, yaran da suka kwana da yunwa don uwa ta yi yaji, dangi biyu da suka daina gaisawa a jana'iza, duk gari ne ke ɗauka.

Inda ka koma gidan haya ne, katanga ɗaya za ta raba ka da mutanen da ba ka sani ba. Wata rana za ka ji kukan da ba na yaro ba. Kada ka ƙara muryar rediyo. Je ka yi sallama da ƙarfi, ka kira maigidan da sunansa, ka ce kana son ganinsa a waje. Zai ji haushinka, wataƙila ya daina sayayya a shagonka. Ka bar shi ya daina. In kuma aka tambayi mace abin da ya same ta a gabanka, ka yi shiru ta faɗa da bakinta.

Yanzu na zo kan abin da ya fi mini nauyi, wato Zaliha matar yayanka ta fari. Kana makarantar kwana lokacin, abin da aka faɗa maka shi ne ba ta da haƙuri, ta tafi. Ni na faɗa maka haka. To ga yadda aka yi.

Yayanka ya gan ta a kasuwar Lolo tana sayar da bandar kifi tare da uwarta. Mutanen tsallake ne, ƙasar Benin, Dendawa. Hausarta tana da ɗan karkace, in ta ce wani abu yara su yi ta dariya, ita ma ta taya su. Yarinya ce mai hannu. Ba ta yi wata uku a gidan nan ba ta gina murhun banda a bayan ɗakinta, masunta suna kawo mata kifi, 'yan sari suna zuwa har ƙofa. Tana yi wa kanta sutura, tana yi mini. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ta jin tsoro. In yayanka ya faɗi abin da ba daidai ba, sai ta ce, "A'a, ba haka ba ne," a gabana, idonta a buɗe. Ni da na yi shekaru ina tauna magana kafin in furta a gaban babanku, sai na ga wata ta zo tana zaman aure babu fargaba. A da na ce rashin kunya ne. Yanzu da na tsufa na gane hassada ce. Ina jin haushin ta sami abin da ni ban samu ba.

Wata rana yayanka ya shigo gaishe ni, na ce masa, "Ka saki yarinyar nan da yawa. Gidan ubanka ba a yi haka ba. Ko ita ke aurenka?"

Ya tashi ya fita. Ban ce masa ya doke ta ba, kuma na daɗe ina fakewa da wannan. Amma na san wanda na haifa, na san abin da ya gani yana yaro, na san inda maganar za ta sauka.

Ba a daɗe ba ta shigo ɗakina da rana tsaka, goye da jaririyarta, takwarata, ta dafe kunnen dama da gefen mayafi. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki duba mani. Kamar ruwa na zuba ciki." Na janye mayafin na ga jini da wani ruwa-ruwa. Na goge mata, na ɗiga mata man da bai kamata in ɗiga ba, na toshe da auduga. Ta ce, "Inna, ki yi mashi magana. Ke yake ji."

Na ce, "Ki yi haƙuri, ki rage baki. Duk haka muka zauna."

Ban ce a kai ta asibiti ba, don kada a tambaya.

Da abin ya ƙara faruwa ta ɗauki goyonta ta shiga jirgin fito ta koma gidansu. Aka ce a je biko. Kawunku ya ce ba zai je ba, kunya yake ji. Ni na ɗaura mayafi na haye. Ubanta tsoho ne masunci, na same shi a inuwa yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya karɓe ni da mutunci, aka kawo mini fura. Ya ce da ni cikin Hausarsa, "Hajiya, ni ban san ɗanki ba sosai. Ke na sani, ke kike karɓar 'ya'yan mutane. In kin ce ɗiyata za ta zauna lafiya, zan ba ki ita."

Na ce, "Na ɗauki amana. Ɗiyata ce."

Zaliha tana tsaye bakin danga tana jin mu. Ba ta yi musu ba, ta shiga ta ɗauro kayanta. A cikin jirgi tana ta juya kai in mai fito ya yi magana, ban gane dalili ba a lokacin.

Amanar ba ta kai kaka ba. Ranar da ya sake rufe ta da duka ina tsakar gida ina tankaɗe. Ina jin ƙarar, ina jin tana kiran "Inna, Inna." Ɗansu Bashiru ya rugo ya ƙanƙame ƙafata. Tsakanina da ƙofar ɗakin bai fi in miƙe ba. Na ci gaba da tankaɗe, Nasiru. Na ce a raina in na shiga na kunyata ɗana a gaban matarsa. Garin da na tankaɗe ranar da shi aka yi tuwon dare, kowa ya ci.

Washegari ta tafi, tafiyar da ba ta dawo ba. 'Yan'uwanta maza suka zo karɓar takardar saki, saura kaɗan a zubar da jini a ƙofar gidan nan, sai da mai gari ya shiga tsakani. Masuntan da ke kawo mana kifi suka ɗauke ƙafa. Aka bar mana Bashiru, ita ta tafi da ta goye. Ka ga yadda Bashiru ya tashi, ga in'ina, ga saurin hannu, an kore shi daga makaranta saboda ya fasa wa wata yarinya baki. Ka ga yayanka, aure biyu bayan nan duk sun mutu, yanzu babu mai ba shi ɗiya a Geza. Yana zaune shi kaɗai yana cewa mata ba su da amana. Kowa na zaginsa. Ni ba mai zagina, har yanzu ana kirana Inna Kulu mai hannun albarka.

Bara na kasa daurewa na je Lolo ranar kasuwa, don an ce tana hayowa da kifi. Na same ta a rumfa, ta yi jiki, ta yi wani auren. Tana ganina ta taso ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta share mini benci. Na zauna gefenta na fara maganar da na yi ta shiryawa a hanya. Na yi nisa, sai ta taɓa gwiwata ta ce, "Inna, ki dawo ta nan. Wannan kunnen ba ya ji tun ranar."

Na tashi na zagaya, a gaban mutane, na sake farawa daga farko. Na ce ta yafe mini. Ta daɗe tana gyara kifi a faranti. Sannan ta ce, "Shi na daɗe da yafe mashi, don bai san yadda abin yake a jiki ba. Ke kin sani, Inna. Shi ya sa na zo wurinki."

Can ta ce, "Na yafe. Allah ya yafe mu duka." Ta kira wata yarinya da ke wasa bayan rumfa, ta yi mata magana da Dendi, na ji sunana a ciki. Ashe takwarata ce, wadda ta tafi da ita a goye. Yarinyar ta dube ni, ta gaishe ni daga nesa kamar yadda ake gaida baƙo, ta koma wasanta. Zaliha ta ƙunsa mini kifi mai yawa ta ƙi karɓar komai. Ta tambayi Bashiru, ko yana cin abinci, ko ya yi tsawo. Na ce yana lafiya. Ko a nan ban iya faɗa mata gaskiya duka ba.

To ka ji uwar da ta haife ka. Ban rubuta don ka tsane ni ko ka tsani yayanka ba. Shi ma ka riƙa kiransa, yana buƙatar wanda zai faɗa masa gaskiya ba da zagi ba. Na rubuta ne don ka san ciwon nan a gidanmu yake, kamar yadda wasu gidaje ke gadon ciwon suga, kuma wanda ya san yana da gadon ciwo shi ke kiyaye abin da yake ci.

Saratu tana da baki, na lura, kuma na ji daɗi. In ta ce maka ba haka ba ne, ka saurara, sau da yawa za ka tarar ba hakan ba ne. In tana son sana'a ka bar ta, abin da ta samu nata ne. Ka kai ta inda ba ta da uwa ba ta da uba, ba ta san kowa ba sai kai, kada ka hana ta waya da gidansu, kada ka hana ta shiga cikin mata. Abokai a bakin kasuwa za su ce maka mace sai da horo. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi ko Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya taɓa dukan matarsa. Kuma ko ni ce wata rana tsufa ya sa na kawo maka sukarta, kada ka ɗauka. Ka ce, "Inna, na ji," ka bar maganar a nan.

Abu na ƙarshe, gara ka ji daga gare ni. Kafin ku tafi na je gidan su Saratu, na zauna da ita da mahaifiyarta. Ban ce na ɗauki amana ba, don na san abin da bakina ya taɓa yi da wannan kalmar. Abin da na ce shi ne, in ka taɓa ɗaga mata hannu, ko sau ɗaya, ta kira ni kafin ta kira kowa. Zan shiga mota in zo da kaina, in kai ta asibiti, in an tambaya in bar ta ta yi magana. In abin ya kai gaban mai gari ko alƙali, zan tsaya a gefenta in faɗi abin da na gani, ba zan je biko ba. Kai ne autana, babu wanda nake so kamarka a duniya. Ina roƙon Allah dare da rana kada ka sa ni yin wannan tafiyar, amma in ka sa ni, zan yi ta.

Allah ya yi maka albarka, Nasiru. Ya sanyaya zuciyarka, ya riƙe hannunka, ya sa matarka ta ji motsin shigowarka gida ta yi murna. Ya tsare ku a tudu da ruwa, ya kare ku daga haɗarin hanya da na iyaka, ya ba ku zuriya mai jin ƙai. Ni kuma ka sa ni a addu'a, ina da abin da zan amsa a gaban Ubangiji.

Ka gaishe mini da Saratu da kyau. Asabe da Bashiru suna gaishe ku.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Inna Kulu